Ƙaramar eriyar zobe: yadda ake lissafa ta don auna hayaniyar radiyo a Yamai

Masu radiyon sha'awa a Yamai, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5U, sun san shuuu ɗin da ke binne tashoshin nesa a zangon mita 40, wato wajen 7 MHz. Kafin a zargi na'urar juya wutar sola ta maƙwabci ko cajar waya, sai an auna.

Me ya sa zobe, ba sanda ba?

Zobe ɓangaren maganaɗisu na igiyar radiyo yake ji, kuma abin da yake bayarwa ya dogara ne da girmansa, abin da tef zai auna maka. Gajeriyar sanda kuwa rufin kwano, ko ma hannunka, kan canza mata hali. Zoben yana da gefen kurma: in ka leƙa ta raminsa kana kallon tushen hayaniyar, sai ƙarar ta ragu sosai.

Wane girma ya dace?

Kewayensa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na tsawon igiyar. A 7 MHz tsawon ya kai mita 43. Zobe mai faɗin santimita 60 kewayensa mita 1.9 ne, ya isa har wajen 16 MHz. Don 28 MHz a rage shi zuwa santimita 30.

Yaya lissafin yake?

Filin cikin zoben santimita 60 murabba'in mita 0.28 ne. A ninka shi da 6.28, a raba da tsawon igiyar: hayaniya mai ƙarfin milivolt 1 a kowace mita za ta haifar da mikrovolt 41 a bakin zoben. Nan ne da yawa suke tsayawa, kuma kuskure ne babba. Zoben da aka yi da kebul RG-58 (siririn kebul ɗin eriya mai rigar ƙarfe kewaye da wayar tsakiya) yana da indaktans na kusan mikrohenri 2, wato turjiyar om 88 a 7 MHz. Idan aka haɗa shi da radiyo mai om 50, mikrovolt 20 kawai ke isa ciki, tsakanin S7 da S8 a allurar S da ke nuna ƙarfin sigina a radiyo, tunda S9 mikrovolt 50 ne. Ƙasa da 4 MHz abin da ke isa yana raguwa yayin da adadin MHz ke raguwa. Sama da haka kusan a daidai yake tsayawa. Manhajar 4nec2, wadda ke kwaikwayon aikin eriya a kwamfuta, za ta iya gwada maka wannan, amma kada a yanka wayar guntu-guntu fiye da kima, lissafinta rikicewa yake.

Ina ake yawan faɗawa rami?

A kebul. In ba a zura masa ferit (ƙawanya mai toshe siginar da ke bin bayan kebul) a gindin zoben ba, shi ma eriya yake zama, gefen kurman ya ɓace. Ɗan yankan da ake yi wa rigar ƙarfen kebul ɗin zoben kuma dole ya kasance a tsakiyar sama, yana fuskantar mahaɗar da ke ƙasa.

Sai nisa. Juya awon maganaɗisu zuwa na lantarki da om 377 (turjiyar sarari ga igiyar radiyo) yana aiki ne nesa da tushen. A 7 MHz, in ba ka ja baya fiye da mita 7 ba, rubuta awon maganaɗisun yadda yake, tare da nisan.

Allurar S ta yawancin radiyo ba abin dogaro ba ce, sai an gwada ta da sigina sananniya. A yi awon da batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya a ga abin da ya rage, a rubuta lokaci da yanayi, don tsawar damina da tartsatsin layin wuta mai ƙura a hunturu kowanne da irin ƙararsa.