Iskar ƙasa daban, ta sama daban

A Damagaram an daɗe ana cewa inda iska ta nufa a ƙasa, can take nufa har ƙololuwar sama. Ba haka ba ne.

Da damina, iskar da ke kaɗa tufafi a kan igiya daga kudu maso yamma take zuwa, ɗauke da danshin teku. Amma wajen kilomita 3 zuwa 4 a sama akwai wata mai ƙarfi daga gabas, ita ke turo mana hadari. Da hunturu kuwa, buji na busowa daga arewa maso gabas, can sama sosai iskar daga yamma take.

Gwada da kanka: dubi hayaƙin murhu, sannan ka ɗaga kai ka bi tafiyar gajimare. A tura wa 'yan uwa su ma su gani.