Yaro mai galahanga a gida, a aji da cikin unguwa: tambayoyi da amsoshi

Mece ce galahanga, kuma da me ake gane ta?

Galahanga, wadda ake kira autism da Turanci, yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma alamunsa kan bayyana tun kafin ya cika shekara 3. Yana taɓa magana, da mu'amala da mutane, da yadda jiki ke ɗaukar ƙara, haske, wari da taɓi. Sai ka ga yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ana ta kiran sunansa bai waigo ba, amma da an ɓare ledar biskit a ɗaki ya ji. Ba ya nuna abu da yatsa. Zai zauna yana jera murafen kwalba a layi, wanda ya taɓa ɗaya kuwa ya tayar da kuka. Wani idan an ce masa "Kana son ruwa?" sai ya mayar maka da "Kana son ruwa?"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, kuma an fi gano ta a jikin maza, kusan ninki 4 na mata. Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11 a Amurka. Kowane yaro da nasa mataki: akwai wanda ba zai taɓa magana ba, akwai wanda zai gama jami'a.

Wani abu yana jinkirta ganewa a wajenmu. Rashin haɗa ido na daga manyan alamun, mu kuwa yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya yabonsa muke yi, mu ce yana da kunya. Yarinya mai shiru ma haka, a ce natsuwa ce.

Ba aljanu ba ne, ko sammu, ko allurar riga-kafi?

Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne, duk da cewa uwar ce ke shan gori daga dangin miji.

Zancen riga-kafi ya samo asali daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda a 1998 ya wallafa rahoton da ya danganta allurar ƙyanda da galahanga. Daga baya aka gano akwai maguɗi a aikin, mujallar da ta buga rahoton ta janye shi a 2010, aka kuma soke masa izinin aikin likita. Wani bincike a Denmark da ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Mun riga mun ga abin da jita-jita ta jawo lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003.

Addu'a kuwa babu mai hana ta, a yi wa yaro, a kuma kai shi asibiti. Abin da ba shi da hurumi shi ne dukansa da sunan fitar da iska, ko ɗaure shi, ko rufe shi a ɗaki da hayaƙi. Wasu yaran suna haɗa galahanga da farfaɗiya, ita kuwa farfaɗiya tana da magani a asibiti.

To akwai maganin da ke warkar da ita?

Babu. Duk mai tallar ƙwaya ko jiƙon da zai raba yaro da galahanga, kuɗinka yake so. Abin da ke taimakawa shi ne horo da wuri: koyon magana ko wata hanyar isar da saƙo, da koyon kula da kai. A fara da gwajin kunne, sannan a nemi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Makaranta ta musamman ta fi, ko ya zauna da sauran yara?

Tun taron duniya kan ilimi da aka yi a birnin Salamanca na ƙasar Sifaniya a 1994, duniya ta karkata ga cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da 'yan'uwansu. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su, ta tanadi aƙalla ƙwararre ɗaya. Wanda ya nuna musu wariya na iya biyan tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6.

A takarda ke nan. A zahiri, yaro kan samu shiga aji a ajiye shi a bencin baya, shekara ta ƙare ba wanda ya koya masa komai. Wannan ba karatu tare da sauran yara ba ne. Yaron da ke buƙatar taimako mai yawa zai iya amfana da ƙaramin aji na musamman, amma a ganina a bar shi cikin makarantar unguwarsu, ya fita tara tare da sauran yara.

Malamin da ajinsa ya cika maƙil, me zai iya yi?

Fiye da yadda yake zato, kuma galibi ba da kuɗi ba. Ya zaunar da yaron gaba, nesa da taga da ƙofa. Ya ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya: "Ɗauko littafi." Ya dakata. Sannan: "Buɗe." Waɗannan yaran kan ɗauki ɗan lokaci kafin magana ta zauna musu, maimaita tambayar da tsawa kuma ƙara ruɗa su yake yi. Ya zana jerin ayyukan yini a gefen allo, yana goge kowanne idan an gama. Kafin a buga ƙarfen tashi, ya gaya masa, domin wannan ƙarar da mu ba ma ko lura da ita tana iya yi masa zafi a kunne.

Idan yaron ya toshe kunne, ya faɗi ƙasa yana ihu, ba taurin kai ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Bulala a nan ƙara wuta take yi. A fitar da shi gindin bishiya, a rage magana, a jira. Idan yana kaɗa hannu ko yana lilo da jiki, a ƙyale shi matuƙar ba ya cutar da kansa, haka yake kwantar da hankalinsa.

A islamiyya ma haka. Karatun da ake rerawa gaba ɗaya na iya yi masa nauyi, amma wasunsu suna da kaifin hadda idan aka biya musu su kaɗai. Uwa ta samu malamin tun ranar farko ta ce: "Malam, don Allah in ka ga ya toshe kunne, a bar shi ya fita minti biyar, zai dawo."

A gida fa?

Tsari shi ne kan gaba: tashi, wanka, koko, makaranta, kullum a jere ɗaya. Idan za a sauya, a faɗa masa tun dare. Yaron da ba ya magana, a ɗauki hoton kofi, buta, abinci da tabarma, a liƙa a bango ya riƙa nunawa. Wannan ba ya hana magana zuwa. Ranar aski, in injin ne matsalar, a gwada almakashi a gida. A kuma duba uwar. Idan maigida da kaka da yayye ba su karɓe ta ba, ita za ta fara durƙushewa.

Shin a riƙa fita da shi cikin jama'a?

A riƙa. Ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo shi ne cutarwar da ta fi yawa, kuma kunyar mutane ce ke jawo ta. A kai shi masallaci a tsaya gefen sahu kusa da ƙofa. A je biki da wuri, a tashi kafin a kunna lasifika. Maƙwabta da mai shago su san shi da sunansa, su san gidansu, domin wasu yaran kan fice ba tare da sanin haɗarin titi ko kududdufi ba. Hudubar liman guda ɗaya kan hana yara jifansa da kiransa mahaukaci ta fi duk wani taron da ake yi a otal ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa galahanga tun 2007.

Idan ya girma, zai iya riƙe kansa?

Wasu za su iya, wasu za su buƙaci mai kula da su har ƙarshen rayuwa, don haka iyaye su fara wannan shawara da dangi tun suna da ƙarfi. Temple Grandin, wadda ba ta fara magana ba sai bayan ta wuce shekara 3, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma ana amfani da tsarin da ta zana na sarrafa shanu a mayankan Amurka da dama. Ba kowa zai kai nan ba. Amma a lura da abin da yaron ke ƙulafuci, ko waya ce, ko keken ɗinki, ko tumaki, a haɗa shi da mai sana'a mai haƙuri tun yana ɗan shekara goma sha. Dokar 2019 ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman, kuma masu galahanga na cikinsu.