Sabunta manhajar kwamfutar gida

Sabunta manhaja shi ne saukar da gyare-gyaren da masu babbar manhajar kwamfuta da sauran manhajojin da ke kanta suke fitarwa lokaci bayan lokaci, domin toshe kafofin da masu kutse ke bi, da kuma gyara kurakuran da ba a gano ba sai bayan manhajar ta shiga hannun jama'a.

Tarihi

Kafin intanet ta shiga gidaje, gyara yakan zo ne a faifai, kuma yawancin masu kwamfuta sukan haƙura har fitowa ta gaba ta shigo kasuwa. Masu aikin Debian (wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta), wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, suna cikin waɗanda suka fara sauƙaƙa lamarin, da dpkg, manhajar girka wasu manhajoji, wajajen 1994, sannan APT wadda ta zo cikin Debian 2.1 a 1999. APT takan leƙa rumbun manhajoji, ta gwada abin da ke can da abin da ke kan kwamfuta, ta sauko da sabon tare da duk wata manhaja da ya dogara a kanta, aikin da a da mutum kan yi shi ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.

Microsoft ya ɓullo da Windows Update a 1998 tare da Windows 98, a matsayin shafin da sai mutum ya je da kansa, kuma sabuntawa mai tafiya da kanta ta biyo baya a Windows Me a 2000. A watan Agustan 2003 cutar Blaster ta mamaye kwamfutoci ta wata kafa da kamfanin ya riga ya fitar da facinta, wato gyaran da ke toshe ta, tun watan Yuli. Daga Oktobar wannan shekara ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar sakin gyaran tsaro.

Irin abin da ya faru da Blaster aka sake gani a ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya da dama. Facin da zai hana wannan ɓarna ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan, yawancin waɗanda abin ya shafa ba su ɗora shi ba ne.

Halin da ake ciki

Yawancin manhajoji yanzu suna sabunta kansu. An yi ta muhawara kan yadda Windows 10 ke tilasta sabuntawa da sake kunna kwamfuta, kuma inda data ke da tsada mutane da yawa sukan jinkirta ta.

Kowace fitowa tana da wa'adi. Microsoft ya daina bai wa Windows 7 gyara a 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a 14 ga Oktobar 2025, yayin da fitowar Ubuntu (wata babbar manhaja da aka gina kan Debian) mai dogon zango take samun gyaran tsaro na shekara 5 kyauta.