Shan Taba Sigari da Sankarar Magudanan Ruwan Maɗaciya

Sankarar magudanan ruwan maɗaciya, wadda likitoci ke kira kolanjiyokasinoma, ciwon daji ne da ke tsirowa a jikin ƙananan bututun da ke ɗauke ruwan ɗaci daga hanta zuwa ƙaramin hanji. Ba ta da yawa a mafi yawan ƙasashe, inda ba a cika samun fiye da mutum 6 cikin kowane dubu 100 a shekara ba, amma tana cikin masu kisa domin ba a cika gano ta da wuri ba. Shan taba sigari na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita, ko da yake ba shi ne babban sanadinta ba.

Yadda magudanan suke

Hanta kan samar da ruwan ɗaci kusan mililita 400 zuwa 800 a kullum. Ruwan yakan bi ta ƙananan rassa a cikin hantar, rassan su haɗu su zama manyan bututu biyu, na dama da na hagu, waɗanda ke haɗewa a ƙofar hanta. Daga nan wani ɓangare ya taru a maɗaciya, saura ya gangara hanji domin narkar da maiƙo. Wurin da ciwon ya fito shi ke ba shi suna. Akwai na cikin hanta, akwai na ƙofar hanta wanda ya fi kowanne yawa, kuma akan kira shi da sunan likitan Amurka Gerald Klatskin da ya bayyana shi a 1965, sannan akwai na ƙasan bututun kusa da hanji. Wannan rabe-rabe na da muhimmanci a nan, domin tasirin taba bai zama ɗaya a dukkan sassan ba.

Abin da bincike ya nuna

Tun a 2004 Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya kansar hanta cikin cututtukan da taba ke haddasawa, kuma rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya tabbatar da hakan. Sai dai batun magudanan ɗaci ya daɗe cikin ruɗani, saboda masu ciwon ba su da yawa, kuma ƙananan bincike sun yi ta karo da juna. Mafita ita ce a tattara bayanan mutane da yawa wuri guda.

A 2018 aka wallafa sakamakon haɗa bincike 14 na Amurka da suka bi diddigin mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. An ga cewa masu shan taba a lokacin sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin sankarar magudanan cikin hanta da kimanin kashi 47 cikin ɗari, waɗanda suka daina kuma da kimanin kashi 32. A shekarar da ta biyo baya, wani aiki da ya haɗa bincike 26 ya fito da hoto mafi fayyace. Ga magudanan wajen hanta ƙarin haɗarin ya kai kusan kashi 69 cikin ɗari, ga bakin bututun inda yake zuba cikin hanji kuwa ya ninka sau biyu da ɗoriya. Haɗarin na hawa gwargwadon yawan karan da ake zuƙa da tsawon shekarun da aka yi ana sha, kuma irin wannan hawan daki-daki shi ne abin da ya fi gamsar da masana cewa alaƙar ba ta sa'a ba ce. Abin lura, aikin bai samu wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin taba da kansar jakar maɗaciya kanta ba.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da idon basira. Ƙarin kashi 69 a kan ciwon da dama can ba shi da yawa bai kai ko kusa da abin da taba ke yi wa huhu ba, inda haɗarin ke ninkawa sau goma sha biyar zuwa talatin. Haka kuma mashaya taba sukan fi shan giya, don haka sai an yi lissafin cire tasirin giyar kafin a yanke hukunci.

Ta yaya hayaƙi ke kaiwa can?

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna jawo kansa. Bayan sun shiga jini daga huhu, hanta ce ke sarrafa su, kuma a wajen sarrafawar wasu kan rikiɗe su zama masu lalata ƙwayoyin halitta. Wani ɓangare na dattin yakan fita ta ruwan ɗaci, wato bangon magudanan na shan wanka da shi shekara da shekaru. Dangin sinadaran naitirosamin su ne aka fi zargi. Wani gwaji da aka yi a Tailan a 1978 ya nuna cewa ƙananan dabbobi masu kama da ɓera da aka sa wa tsutsar hanta tare da naitirosamin sun kamu da wannan sankara, alhali kowane ɗaya shi kaɗai bai haifar da ita ba. Darasin shi ne guba ta fi yin ɓarna a bututun da dama yake fama da kumburi.

Manyan sanadai

Arewa maso gabashin Tailan, musamman lardin Khon Kaen, shi ya fi ko'ina yawan wannan ciwo a duniya, saboda tsutsar hanta da ake ɗauka ta cin ɗanyen kifin ruwan daɗi. Wata 'yar'uwarta na yin irin wannan ɓarna a Sin da Koriya da Biyetnam. A Turai da Amurka kuwa, cutar da ke sa magudanan su kumbura su tsuke a hankali ita ce a gaba, kuma wani abin mamaki shi ne an fi samun wannan cutar ta tsukewar magudanan a jikin waɗanda ba sa shan taba. Sauran sanadan sun haɗa da kumburin bututun ɗaci da ake haihuwar mutum da shi, duwatsu a cikin magudanan hanta, tsukewar hanta, da ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yaɗu sosai a Afirka ta Yamma, don haka mai ɗauke da shi da ke shan taba ya haɗa haɗari biyu a gaɓa ɗaya. A 2012 an gano tarin masu ciwon a cikin ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta Japan, sakamakon shaƙar sinadarin wanke injin buga takardu.

Alamomi da magani

Alamar da ta fi fitowa ita ce shawara, idanu da fata su yi ɗorawa, tare da ƙaiƙayin jiki, fitsari mai duhu, bayan gida mai fari-fari, rama da ciwo a saman ciki ta dama. A ƙasar Hausa akan fara tunkarar shawara da jiƙo da sassaƙe, amma shawarar da toshewar bututu ta kawo ba ta jin wannan, sai an ɗauki hoton ciki an ga inda ya toshe. Tiyata ce kaɗai ke iya warkarwa, kuma marasa lafiya kaɗan ne ke zuwa a lokacin da za ta yiwu. Ga sauran, tun 2010 ake haɗa magungunan gemcitabine da cisplatin, daga 2022 kuma aka fara ƙara musu durvalumab mai zaburar da garkuwar jiki.