Kafson Mura da Ƙwayar Sanƙarau

Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar cutar sanƙarau a bayan hanci da maƙogwaro, yana harkokinsa lafiya lau. Idan hunturu ya shigo, ƙura da busasshiyar iska suka tsattsage fatar cikin hanci, sai ta samu ƙofa ta faɗa jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa daga Disamba zuwa Yuni mu ma'aikatan lafiya ba ma sakin jiki.

Zaman da ƙwayar take yi a maƙogwaro, shi nake so mu lura da shi. Ƙwayoyin ba sa zama ɗai-ɗai. Manne wa fata suke yi, su taru, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, irin santsin da ke kama cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi. Masana na kiransa bayofim. Magani ya kan kashe na sama-sama, na can ciki kuwa kaɗan ke isa gare su. Wasunsu ma likimo suke yi, ba sa hayayyafa, alhali maganin fenisilin da danginsa sun fi cin ƙwayar da ke cikin girma. A wannan cunkoso kuma suke musayar halayen gado, wadda ta iya jure magani ta miƙa wa maƙwabciyarta.

To, sai ga mu da ɗabi'armu. Mura ta kama mutum, ya tsaya kemis ya ce a ba shi kafso huɗu, ya sha biyu, ya ajiye saura. Yawancin mura ba ta jin kafso ko kaɗan, da kanta take tafiya. Amma ƙwayoyin da ke ɓoye a maƙogwaro sun ɗanɗana maganin, raunanan sun mutu, masu taurin kai sun samu fili. Ƙwayar nimoniya, wadda ita ma tana haddasa sanƙarau kuma nata ya fi kisa, ta daɗe da fara bijire wa fenisilin a ƙasashe da dama.

Iyaye mata, kunnen yaro da ke zubar da mugunya mako da makonni ba na tura auduga ba ne. Sau da yawa irin wannan yauƙi ne ya kafu a ciki, kuma kunne kusa yake da ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti, a shanye maganin har ƙarshe ko da ruwan ya tsaya.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, wannan ba ya kwana a gida. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma allura ake yi masa a asibiti.

Mun ga annobar 1996 da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, mun ga ta 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Idan masu allura sun zo unguwa, a fito da yara da matasa. Jarirai kuma a cika musu allurar mako 6 da 10 da 14, a adana katin.