Hukuncin Zina: Abin da Nassi Ya Ce da Abin da Alƙali Yake Nema

Babu saɓani tsakanin malaman Musulunci cewa saduwar namiji da mace ba tare da igiyar aure ba tana cikin manyan zunubai. Aya ta 32 ta Suratul Isra'i ta haramta ko da kusantar zina, kuma daga nan malamai suka fahimci cewa keɓewa da wadda ba muharrama ba da duk abin da ke share fage sun shiga cikin hanin. Inda mutane da yawa suke ruɗewa shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya tabbata zunubi a wurin Allah ya tabbata laifi a gaban alƙali, alhali kuwa shari'a ta sanya tazara mai faɗi tsakanin biyun da gangan.

Aya ta 2 ta Suratun Nur ta yanke bulala ɗari ga mazinaci da mazinaciya, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a a Arewacin Najeriya suke bi, ana ƙara wa namiji shekara guda ta kora daga gari. Jifa kuwa daga Sunna aka samo shi, kuma ya shafi muhsani ne kaɗai, wato baligi mai hankali wanda ya taɓa yin ingantaccen aure har aka tare. Mutuwar aure ba ta cire wannan matsayi, don haka bazawara da wanda ya saki matarsa duk suna ciki.

Hanyoyin tabbatar da laifin uku ne. Ta farko ita ce shaidar maza huɗu adalai waɗanda suka ga ainihin saduwar da idonsu a lokaci guda, kamar yadda littattafan fiƙihu suka misalta da shigar mucin kwalli cikin tandu. Ganin mutum biyu a ɗaki ɗaya, ko a kan shimfiɗa ɗaya ma, bai kai wannan matsayi ba. Idan shaidun suka kasa cika huɗu, to hukunci ya juyo kansu, domin aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi bulala tamanin tare da daina karɓar shaidarsa. A zamanin Sayyidina Umar an kawo ƙarar gwamnan Basra, mutum uku suka faɗi abin da suka ce sun gani, na huɗu ya zo ya kasa bayyana ainihin aikin, sai Umar ya sa aka yi wa ukun bulala. Masu yaɗa hotuna da sunayen 'yan mata a Facebook da sunan gyaran tarbiyya, a ganina, sun fi waɗanda suke tonawa kusa da haddi, wato hukuncin da nassi ya ƙayyade. Miji ma idan ya zargi matarsa ba shi da shaidu, li'ani ne mafitarsa: kowannensu ya yi rantsuwa biyar, a raba auren har abada.

Hanya ta biyu ita ce iƙirari, wanda mai shi yake da damar janyewa. Lokacin da Ma'izu ya zo da kansa ya yi furuci, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da fuska, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ya ce ko dai sumbata ce kawai ya yi. Ta uku ita ce bayyanar ciki ga matar da ba ta da miji, wadda Malikiyya suka karɓa a matsayin hujja sauran mazhabobi suka ƙi. Nan ne nauyi yake faɗa wa mace fiye da namiji, tun da shi yana iya musantawa ya yi rantsuwa ya tafi gida.

Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewa na 1960, ta riga ta hukunta zina a sashe na 387 da na 388 da ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ko tara. Haddi ya dawo ne bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya kuma suka biyo baya. Musulmi kaɗai ta shafa.

Shari'o'i biyu sun nuna yadda ƙa'idojin suke aiki. Kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a 2001, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke shi a watan Maris na 2002, kuma cikin dalilanta akwai cewa cikin ya samu kafin dokar ta fara aiki. A wannan watan ne kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin hukuncin, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan a ranar 25 ga Satumba, 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke ta. Alƙalan sun karɓi haƙƙinta na janye iƙirari, sun kuma yi la'akari da batun kwantacce, wato ra'ayin Malikiyya cewa ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka ana iya jingina jaririyar ga tsohon mijinta. Waɗannan hujjoji biyu daga cikin fiƙihu aka ciro su, bisa ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, wato barin zartar da shi idan akwai kokwanto. Ko da hukuncin kisa ya tsallake dukkan matakan ɗaukaka ƙara, ba a zartar da shi sai gwamnan jiha ya sa hannu, kuma tun 2000 ba a jefe kowa ba bisa umarnin kotu a Najeriya.