Tai Chi Ba Rawa Ba Ce

An daɗe ana cewa motsin nan da tsofaffin ƙasar Sin ke yi da sassafe a filayen shaƙatawa, hannaye na shawagi a hankali, rawar gargajiya ce. Ba laifin mai kallo ba ne, don kuwa ya yi kama da rawar. Sai dai asalinsa dabarar faɗa ce.

Cikakken sunansa taijiquan, kuma "quan" na nufin dunƙulallen hannu, irin na ɗan dambe. Masana tarihi galibi suna danganta shi da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, a ƙarni na 17. Sanyin motsin kuwa ya dace da tunanin Dao, wata tsohuwar falsafar ƙasar Sin: babban littafinta Daodejing ya ce babu abin da ya kai ruwa laushi, amma babu abin da ya fi shi cin ƙarfin abu mai tauri. Shi ya sa in abokin karawa ya turo ka, ba ka tokare shi, sai ka juya ƙugu ka kauce, nauyinsa ya kayar da shi.

Mai son tabbatarwa ya nemi bidiyon "tuishou", inda mutum biyu ke haɗa hannu suna ture juna, ko na salon Chen, wani nau'in Tai Chi mai buga ƙafa da naushin bazata.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.